Mutane sun ƙara tsawo, ɗana ya tsaya cak: juyin halitta ne ko gado?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Likita. Ni malamar bayoloji ce a makarantar sakandare. Wani ɗalibina ya karanta cewa mutanen yanzu sun fi na shekara ɗari da suka wuce tsawo, sai ya ce ashe ke nan juyin halitta muke gani da idonmu. Na ba shi amsa sama-sama, amma raina bai kwanta ba. Gaskiyar magana, ba ajin ne ya hana ni barci ba. Ɗana na biyu shekararsa tara, shi ne mafi gajarta a ajinsu, kuma wandon makarantar da aka ɗinka masa shekara biyu da suka wuce har yau bai ɗage masa ba. Dangin babansa sun ce gado ne, su dama gajeru ne, in daina wahalar da kaina. Wata kuma ta kawo mini ƙwayoyin da ake talla a intanet, wai suna "tayar da ƙwayoyin gadon tsawo da suka yi barci". In har tsawo harkar juyin halitta ce, ke nan zuriyarsu ce aka bari a baya, ba yadda za a yi? In ba shi maganin?

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Ajiye ƙwayoyin nan, kada ko ɗaya ta shiga bakinsa. Na sa wannan a gaba ne don ko aiki ya ɗauke ki kafin ki kai ƙarshe, ya zama kin tafi da shi. Idan kuma an riga an fara ba shi har an yi makonni, kada ki yanke masa lokaci guda. Ki ɗauki kwalbar ki kai wa likitan yara ya duba abin da ke ciki, dalilin yana zuwa a ƙasa.

Tambayar ɗalibinki da damuwarki a kan ɗanki tushensu ɗaya, don haka ta ajin zan bi in ɓullo gida.

Tunda ke ke koyar da darasin, ba sai na maimaita miki ba: abin da ake aunawa a juyin halitta shi ne sauyin yawan nau'o'in ƙwayoyin gado a cikin al'umma daga zuriya zuwa zuriya. Jiki yakan sauya kama alhali ƙwayoyin gado suna nan yadda suke, su ma sukan sauya ido bai ga komai ba. Abin tambaya ke nan shi ne, santimitocin da aka ƙaru da su a ƙarnin da ya wuce, daga ina suka fito?

Ƙaruwar kam gaskiya ce. A 2016 wata gamayyar masu bincike ƙarƙashin jagorancin Majid Ezzati na Imperial College da ke Landan ta tattara awon mutane sama da miliyan 18 daga ƙasashe 200, ta kwatanta waɗanda aka haifa a 1896 da waɗanda aka haifa a 1996. Matan Koriya ta Kudu sun ƙaru da kusan santimita 20, mazan Iran da 16.5. Mazan Holan ne suka zo na ɗaya a duniya da matsakaicin santimita 182.5, alhali a tsakiyar ƙarni na 19 samarin ƙasar da ake aunawa don aikin soja ba su wuce kimanin 165 ba, kuma a lokacin Amurkawa sun fi su tsawo nesa ba kusa ba.

To ki ɗauki alli ki yi wa 'yan ajinki lissafin da masu kiwo ke yi. Shekara 150 zuriya shida ce in an matsa. A ƙaddara ƙaruwar santimita 20 ce, a zuriya shida ya kama sama da santimita 3 a kowace zuriya. Ko mun ɗauka kashi 80 cikin 100 na bambancin tsawo gado ne ke kawo shi, kafin zaɓin yanayi, wato masu wata sifa su fi sauran barin zuriya, ya samar da wannan sai iyayen kowace zuriya sun fi matsakaicin tsararsu da kimanin santimita 4. A al'ummar da tazarar tsawo tsakanin mutane ke yawo wajen santimita 7 sama ko ƙasa da matsakaici, hakan na nufin fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen, wato mafi gajartarsu, maza da mata, ba za su bar ko ɗa ɗaya ba, kuma a maimaita haka sau shida a jere. Ba a yi wannan a Holan ba. Ba a yi shi a Koriya ba, inda ƙaruwar ma ta fi sauri. Da an yi, da littattafan tarihi ne za su fara ba da labari kafin na kimiyya.

Ko ba lissafi ma, duniya ta yi mana gwajin da kanta. Al'umma ɗaya ce a zirin Koriya har aka raba ta biyu a 1945. Yau matasan Kudu sun fi na Arewa da santimita da dama, musamman waɗanda suka taso cikin yunwar da aka yi a Arewa a shekarun 1990. Wace ƙwayar gado ce ta san layin da 'yan siyasa suka ja? Sai kuma aikin Barry Bogin a kan 'yan ƙabilar Maya na Gwatamala, waɗanda aka daɗe ana cewa gajarta halittarsu ce. Da yaƙin basasa ya kori wasunsu zuwa Amurka, ya auna 'ya'yansu da suka taso a Florida da Los Angeles. Zuwa shekarar 2000, yaran sun fi takwarorinsu da ke Gwatamala da kimanin santimita 11.5, kuma mafi yawan ƙarin a ƙafafu yake. Zuriya ɗaya tak, iyaye su ne dai iyayen.

Abin ma yana komawa baya. A wancan bincike na 2016, mazan Amurka sun faɗo daga na 3 a duniya zuwa na 37, saboda su sun tsaya wasu sun wuce su. A ƙasashe irin su Yuganda, Ruwanda, Saliyo da Nijar kuwa, matasan baya-bayan nan sun fi waɗanda aka haifa wajen shekarun 1960 gajarta. Hatta a Holan, hukumar ƙididdigar ƙasar ta sanar a 2021 cewa mazan da aka haifa a 2001 sun gaza na 1980 da santimita 1. Sifar da ke hawa da sauka cikin shekara 30 ko 40, tana bin yaƙi da fari da tattalin arziki, ba ƙwayoyin gado ke juya ta ba.

Abin da ke juya ta sananne ne tun 1829, lokacin da likitan Faransa Louis-René Villermé ya duba awon samarin da ake ɗauka soja ya ga cewa 'yan unguwannin talakawa sun fi gajarta. Abinci mai gina jiki a shekarun farko, ruwa mai tsabta, raguwar gudawa da ƙyanda da sauran cututtukan da ke cinye ƙarfin da yaro zai girma da shi, rigakafi, tazara tsakanin haihuwa, daina sa yara aikin ƙarfi. Akwai kuma dalilin da ya sa ƙaruwar ke ɗaukar zuriya uku ko huɗu maimakon ta zo gaba ɗaya, har ta riƙa kama da juyin halitta: uwar da ta tsumbure tana yarinya takan haifi jariri ƙarami ko da yanzu tana cikin wadata, domin girman jikinta shi ke iyakance girman ɗan da ke ciki. 'Yarta za ta ɗan fi ta, jikarta ta fi 'yar. Abu ne da ke bin zuriya, amma ba a rubuce yake a jerin DNA ba, kuma yana warwarewa idan hali ya gyaru.

Shin ke nan babu ko ɗigon juyin halitta a harkar tsawo? Akwai, sai dai ba a inda ɗalibin ya nuna ba. Gert Stulp da abokan aikinsa sun duba bayanan dubban mutanen arewacin Holan a 2015, suka ga dogayen maza sun ɗan fi gajeru yawan 'ya'ya. Wannan zaɓin yanayi ne na gaske, amma ƙarfinsa bai isa ya bayyana ko ɗan ƙaramin kaso na santimita 20 ɗin nan ba. A garin Framingham na Amurka kuma, binciken da aka buga a 2010 ya ga akasin haka a mata: masu ɗan gajarta ne suka fi haihuwa, har aka ƙiyasta cewa in abin ya ɗore zuriya goma, ragin zai kai wajen santimita 2. Ki lura, zuriya goma, santimita 2. Wannan ita ce tafiyar juyin halitta idan yana sauri.

Inda aka fi ganin sawunsa shi ne a dubban shekaru. Mutanen Efe da Baka na dazuzzukan tsakiyar Afirka gajartarsu tana da tushe a ƙwayoyin gado. A Peru an gano a 2020 wani nau'i na ƙwayar gado mai suna FBN1 da kowane kwafinsa ke rage kimanin santimita 2.2. A wajen mutanen Inuit na tsibirin Girinlan, ƙwayoyin gadon da suka taimaka musu sarrafa kitsen dabbobin teku sun zo tare da ɗan ragin tsawo. Mafarautan Turai na shekara 30,000 da suka wuce dogaye ne, daga baya tsawon ya ragu da kusan santimita 10, kuma DNA ɗin da aka ciro daga ƙasusuwansu ya nuna wani ɓangare na ragin na gado ne. Amma ko a nan ina taka-tsantsan. A 2012 an yi ta yayata cewa an kama zaɓin yanayi yana ƙara wa mutanen arewacin Turai tsawo a kan na kudanci. A 2019 ƙungiyoyi biyu suka sake lissafin da bayanan UK Biobank, wani babban rumbun bayanan lafiya da gado na mutanen Birtaniya, sai mafi yawan alamar ta narke, ashe yadda aka haɗa samfurin farko ne ya yaudari masu lissafin. Ki gaya wa ɗalibinki wannan ma, zai amfane shi fiye da amsar kanta. In kuma misalin juyin halitta mai tsabta yake so a jikin ɗan Adam, ki ba shi yaɗuwar ƙwayar sikila a yankunan zazzaɓin cizon sauro, ko iya narkar da madara bayan yaye a al'ummomin makiyaya.

Yanzu ga inda raina ke ɓaci, kuma ki yi haƙuri zan daɗe a nan.

Kalmar nan "gado ne" ta fi kowace cuta da na sani jinkirta zuwan yara asibiti. Kullum sai na ji ta. Kaka ta faɗa, kawu ya faɗa, a ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, uban gajere ne to me ake jira. Abin da ya fi ba ni takaici, masu ilimi sun fi riƙe ta da ƙarfi, domin su suna da lamba: sun karanta cewa tsawo kashi 80 cikin 100 gado ne. Lambar daidai ce, fahimtar ce ta karkace. Ba ta cewa kashi 80 na tsawon ɗanki daga iyaye ya zo, saura 20 daga abinci. Cewa take yi, a cikin wata al'umma takamaimai, a wani lokaci takamaimai, kashi 80 na bambancin da ke tsakanin mutane ana iya danganta shi da bambancin ƙwayoyin gadonsu. Kuma akasarin binciken da ya ba da wannan lamba an yi shi ne a kan tagwaye a ƙasashe masu wadata, inda kusan kowane yaro ya ƙoshi kuma an yi masa rigakafi. Inda kowa ya ƙoshi, dole gado ne zai rage a matsayin abin da ke bambanta mutane. Inda wasu ke ci wasu ba sa ci, lambar takan sauka.

Ki ɗebi iri daga buhu ɗaya ki shuka rabi a ƙasa mai taki, rabi a tsandauri. A kowace gona za ki ga wata shuka ta fi wata, kuma wannan bambancin na iri ne. Amma tazarar da ke tsakanin gonakin biyu gaba ɗayanta ta ƙasa ce. Dangin da suka ce "mu dama gajeru ne" ba su da hanyar sanin wace gona suka fito. Mai yiwuwa ne su gajerun gado ne. Mai yiwuwa ne kuma zuriya uku ce da ta sha gudawa da tsutsar ciki da ƙarancin abinci tana ƙarama, kowa ya rasa santimita 8 ko 10, har aka ɗauka haka Allah ya yi su. Kakannin matan Koriya ta Kudu ma da an tambaye su a 1920 cewa za su yi su dama gajeru ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada wannan magana kai tsaye. Tsakanin 1997 da 2003 ta bi girman yara kusan 8,500 a Brazil, Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, ta zaɓi waɗanda aka shayar da su nono, iyayensu mata ba sa shan taba, kuma gidajensu ba sa cikin ƙunci. Yaran nahiyoyi daban-daban, launi daban-daban, suka girma kusan a layi ɗaya har shekara biyar. Daga nan aka fitar da jadawalin girma na 2006 da ake amfani da shi yau. Duk da haka, ƙididdigar 2022 ta nuna yara 'yan ƙasa da shekara biyar kusan miliyan 148 a duniya sun tsumbure, wato fiye da ɗaya cikin biyar. Ki yi tunanin sau nawa aka ce "gado ne" a kan waɗannan yara. Tsumburewa kuwa ba a tsawo kaɗai take tsayawa ba, tana tafe da raunin karatu, da sauƙin kamuwa da cuta, da wahalar haihuwa ga 'ya mace idan ta girma.

Kuma ko da a ce gadon ne, maganar dangin ba ta dace da abin da kika kwatanta ba. Yaron da ya gaji gajarta yana girma. Yana ƙasa da tsaransa, amma kowace shekara yana ƙara santimita 5 zuwa 6 kamar kowa, layinsa a jadawali yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da na sauran, a ƙasa dai. Haka ma yaron da ya gaji jinkirin balaga, wanda zai yi ta zama ƙarami har tsaransa su wuce shi sannan ya taso daga baya. Gado yana sa yaro ya zama gajere, amma ba ya sa shi ya tsaya. Yaro ɗan shekara tara da ke ƙara ƙasa da santimita 4 a shekara, ko wanda layinsa ya bar inda yake ya gangara, mara lafiya ne a wurina har sai gwaji ya wanke shi. Wando ba ma'auni ba ne, wataƙila tela ya yi shi da rara, amma shekara biyu ta isa a ce a auna.

Abubuwan da nake nema a irin wannan yaro ba baƙi ba ne: ƙarancin jini, sikila, tsutsar ciki, gudawa mai naci, ciwon ƙoda da ba ya nuna kansa, ciwon zuciya da aka haife shi da shi, tarin fuka, hanjin da ba ya jure alkama, raunin tayirod (wata gaɓa a wuya mai fitar da sinadarin da jiki ke buƙata don girma), sai can ƙarshen layi ƙarancin sinadarin girma da ƙwaƙwalwa ke fitarwa. Ga masu 'ya'ya mata da ke karanta wannan, a ƙara da larurar Turner da ake haihuwar 'ya mace da ita, wadda ke samun kimanin yarinya ɗaya cikin 2,500, kuma sau da yawa gajarta ce kaɗai alamarta har a kai shekarun da ake jiran al'ada ba ta zo ba. Yawancin waɗannan suna da magani. Yaron da tayirod ɗinsa ya yi rauni, ƙwaya ɗaya a rana takan sa ya fara cimma tsaransa cikin watanni. Amma akwai wa'adi. Ƙashi yana tsawo ne daga guringuntsin da ke kusa da bakin dogayen ƙasusuwa, kuma idan balaga ta kammala guringuntsin yakan zama ƙashi ya rufe, ga 'yan mata wajen shekara 14 zuwa 16, ga maza wajen 16 zuwa 18. Daga nan babu likita, babu allura, babu ƙwaya. Abin da na fi tsana a aikina shi ne a kawo mini saurayi ɗan shekara 17, hoton ƙashi ya nuna an rufe, gwaji ya nuna cutar da za a iya magancewa tun yana ɗan takwas, uban kuma ya ce ai sun ɗauka gado ne.

Masu sayar da ƙwayoyin tsawo kuwa daga wannan ruɗanin suke ci. Da sun ga iyaye sun yarda cewa matsalar a ƙwayoyin gado take, sai su zo da abin da zai "tayar" da su. Wace ƙwayar za a tayar? Binciken da aka buga a 2022 a kan mutane miliyan 5.4 ya gano wurare sama da 12,000 a DNA da ke da hannu a tsawo, akasarinsu tasirin kowanne bai kai milimita biyu ba. Babu makunni ɗaya da ke barci. Wanda ya ce yana da ƙwayar da ke kunna su, ko dai bai san abin da yake faɗa ba ko ya sani sarai.

In an yi sa'a, abin da ke cikin kwalbar bitamin ne da alli, an yi asarar kuɗi da lokaci kawai. In ba a yi sa'a ba, abu biyu nake tsoro. Na farko dexamethasone, wani magani mai ƙarfi na rage kumburi, da danginsa, waɗanda ake cusawa a magungunan "ƙara cin abinci" da "ƙara jiki". Yaro zai buɗe ciki, kumatu su cika, dangi su ce magani ya karɓe shi. Alhali wannan rukunin magani yana cikin abubuwan da suka fi danne girman ƙashi, yana raunana garkuwar jiki, yana tayar da sukari, kuma idan jiki ya saba da shi aka yanke lokaci guda yaro na iya faɗuwa rai a hannun Allah. Dalilin gargaɗina na farko ke nan. Na biyu sinadaran namiji irin na masu ɗaga ƙarfe. Waɗannan sun fi mugunta, domin da farko suna aiki: yaro zai yi tsalle na 'yan santimita, a yi ta murna, amma suna tsufar da ƙashi su rufe guringuntsin kafin lokaci, ya ƙare ƙasa da inda zai kai da an ƙyale shi.

Har allurar sinadarin girma ta gaskiya ba abin wasa ba ce. Tana da amfani ƙwarai ga yaron da gwaji ya tabbatar yana buƙatarta, a hannun ƙwararre da ke bibiyar sukarinsa da ƙashinsa. Kafin 1985 daga ƙwaƙwalwar gawa ake ciro ta, aka daina bayan wasu da aka yi wa sun kamu da cutar ƙwaƙwalwa mai kisa da ake kira Creutzfeldt-Jakob, aka koma wadda ake haɗawa a ɗakin gwaji. Abin da ake sayarwa a bayan fage ba wanda ya san me ke ciki. Baligin da ƙashinsa ya rufe kuma in ya yi ta, tsawo ba zai ƙaru ba, sai dai haɓa da tafin hannu su yi kauri, ciwon sukari ya biyo baya. Hotunan "kafin" da "bayan" da suke nunawa kuwa, kowane mutum ya fi tsawo da safe da santimita 1 zuwa 2 fiye da yamma, saboda faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya suna matsewa da tsayuwar yini. A auna ka da yamma, a ba ka magani, a sake auna ka da safe ka miƙe wuya. Shi ke nan sirrin.

Ba 'yan damfara kaɗai nake zargi ba. Mu ma'aikatan lafiya mun ba su fili. A wurare da yawa ana ɗora yaro a sikeli a rubuta nauyi, gurbin tsawo a katin kuwa a bar shi fari fat shekara da shekaru, ko don allon awon ya karye ba a sayi wani ba, ko don fom ɗin da ake aikawa sama nauyi kawai yake tambaya. Da an gama rigakafi kuma sai awon ya tsaya gaba ɗaya, kamar yaro ya gama girma. Yaron da ya tsumbure nauyinsa yakan dace da gajeren jikinsa, a ido ya yi kyau, a ce lafiyarsa ƙalau. Uwa ta kawo kuka a ce mata ta ƙara masa abinci, ta koma gida ba a ko tsayar da shi jikin bango ba. Ina za ta je in ba wurin mai kwalba ba?

Ga abin da za ki yi. Gobe da safe ki tsayar da shi jikin bango ba takalmi, dugadugai da ɗuwawu da kafaɗu suna taɓa bangon, idonsa na kallon gaba, ki ɗora littafi mai kauri a kansa ki ja layi, ki auna ki rubuta da kwanan wata. Matsakaicin tsawon yaro namiji ɗan shekara tara a jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya kimanin santimita 133 ne, kuma ƙasa da 120 ya fita daga iyakar da ake ɗauka daidai. Ki auna kanki da babansa, da ma'auni ba da ƙiyasi ba, don maza sukan ƙara wa kansu. Ki haɗa tsawonku biyu, ki ƙara 13, ki raba biyu: wannan shi ne inda ake sa ran ɗa namiji zai kai, da rarar kimanin santimita 8 sama ko ƙasa. Ga 'ya mace ana cire 13 ɗin ne. Ki tuna dai lissafin yana ɗauka ku iyayen kun kai iyakar naku tsawon, abin da ba lallai ba ne. Ki nemo duk wani tsohon awo, katin asibiti ko na makaranta, domin awo biyu masu tazara sun fi awo ɗaya daraja nesa.

Kada ki jira wata shida don ki ga ko zai motsa, shekara biyun da kika ambata sun isa jira. Idan yana yawan ciwon kai da amai da safe, ko ganinsa ya ragu, ko yana shan ruwa da fitsari fiye da kima, a cikin makon nan za ki kai shi, domin akwai ƙari, wato tsiro, da ke fitowa a cikin kai kusa da inda ake sarrafa sinadarin girma. A asibiti ki nemi likitan yara, ki ce a sa tsawonsa a jadawalin girma a gabanki, a duba jini da rukunin sikila, da bahaya, da fitsari da aikin ƙoda, da tayirod, sannan a ɗauki hoton ƙashin hannunsa na hagu don a san shekarun ƙashinsa. Idan aka ce miki gado ne ba a yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ki nemi a rubuta miki takardar tura shi wurin likitan yara mai kula da sinadaran jiki, kuma ki tafi da kwalbar ƙwayoyin a jakarki.